Molly Brown ta fim da Margaret Brown ta gaskiya

Wata malama ta aiko mini da tambaya. Ta ce ta kalli wani tsohon fim na Amurka mai waƙe-waƙe, The Unsinkable Molly Brown, wato Molly Brown wadda ba ta nutsewa, labarin wata 'yar talakawa da ta tashi ko sunanta ba ta iya rubutawa ba, ta zo ta yi arziki, ta shiga jirgin Titanic kuma ta tsira. An gaya mata wai labarin gaskiya ne. Tana so ta san ko haka ne, in kuwa haka ne, me ya kawo rawa da waƙa cikin tarihin mutum.

Malama, an yi matar, an yi mijin, an yi ramin zinariyar, jirgin kuma ya nutse tana ciki. Iyakar gaskiyar ke nan da za ki iya dafawa. Sauran kusan duk gishiri ne, wani wurin ma gishirin ya fi miyar yawa. Ko sunan ba nata ba ne. Margaret aka raɗa mata, 'yan gida da ƙawaye suna ce mata Maggie, jaridu suna kiranta matar J.J. Brown. Ba a san ta da Molly ba sai bayan ta kwanta dama.

Na daɗe ina nuna wa ɗalibaina wannan fim a darasin rubutun wasa, ba don shi ne gwanin gwanaye ba, sai don a cikinsa ake ganin yadda ake ɗaukar rayuwar mutum a sassaƙe ta har ta shiga ma'aunin da 'yan kallo suka saba da shi. Kamfanin MGM ne ya fitar da shi a 1964, Charles Walters ya ba da umarni, Helen Deutsch ta rubuta. Amma asalinsa wasan dandamali ne da aka fara a Broadway, unguwar gidajen wasa ta birnin Niyok, a watan Nuwamba na 1960, aka yi shi sau 532. Meredith Willson ne ya tsara kiɗa da waƙoƙin, Richard Morris ya rubuta labarin. A dandamali Tammy Grimes ce Molly, a fim aka ba Debbie Reynolds. Harve Presnell shi ne mijin a duka biyun.

Bari in fara da batun waƙa, don ya fi sauƙi. Mu da muka tashi da finafinan Indiya da namu na gida, ganin jarumi ya ɓarke da waƙa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Bambancin shi ne a yawancin namu waƙa hutu ce, labari ya tsaya, a yi soyayya a lambu, a dawo a ci gaba daga inda aka tsaya. A irin wannan fim na Amurka kuwa waƙar ce ke jan labarin. Ki koma farkon fim ɗin. Samari sun danne Molly a ƙasa suna so ta ce ta sallama, ta ƙi, ta miƙe da waƙar I Ain't Down Yet, wato har yanzu ba a kayar da ni ba. A nan take jero abin da take so a duniya: ta iya karatu da rubutu, ta ga duniya, ta sa jar rigar siliki, ta kwanta a gadon tagulla. Duk abin da ya biyo baya a fim ɗin biyan wannan jerin ne ɗaya bayan ɗaya. Marubutan irin wannan wasa sun saba ba jarumarsu waƙa guda tun da wuri da za ta faɗi burinta da bakinta, don ɗan kallo ya san abin da zai auna ta da shi. In kika cire wannan waƙar, fim ɗin ya zama labarin mace mai son kuɗi kawai. Da ita, ya zama labarin mace mai taurin rai.

To amma don waƙar ta yi aiki, dole a fara da yarinyar a can ƙasa, iyakar ƙasa. A nan aka fara yi wa Margaret ƙarya.

Fim ya ce tsintacciya ce, ambaliya ta kwaso ta tana jaririya a cikin gadonta, wani tsoho mai suna Shamus Tobin ya rene ta a jeji, ta tashi ba takalmi ba makaranta. Margaret Tobin kuwa an haife ta ranar 18 ga Yuli, 1867, a garin Hannibal na jihar Missouri, a bakin kogin Mississippi, gaban uwa da uba. John Tobin da Johanna 'yan ƙasar Ayilan ne da suka yi ƙaura zuwa Amurka, mabiya ɗariƙar Katolika. Uban lebura ne a kamfanin iskar gas na garin. Talakawa ne, babu musu. Amma talakawa ne masu son ilimi, yarinyar ta yi makaranta har ta kai kimanin shekara 13, sannan ta kama aiki a masana'antar taba tana tsige ganye. Ta iya karatu, ta iya rubutu, tun kafin ta san akwai wani J.J. Brown a duniya.

Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a fim ɗin. An nuna mijin ne ya zaunar da ita ya koya mata baƙi, kamar dai talauci da jahilci tagwaye ne da ba sa rabuwa. Duk wanda ya tashi a gidan da ake ƙirga kwanon hatsi amma ba a fasa tura yara makaranta ba ya san wannan ƙage ne. Talakan da ya iya karatu, yake da ra'ayi kan albashin lebura, bai cika ba masu kuɗi dariya ba. Baƙauyar da ke ihu a falo tana tuntuɓe da doguwar riga ita ce ke sa a yi dariya a sayi tikiti. Sai aka zaɓi ta biyun.

A 1886 ta bi ɗan'uwanta Daniel zuwa Leadville a jihar Kolorado, garin mahaƙan azurfa da ke kan duwatsu, sama da mita 3,000 daga doron teku, inda sanyi ba ya wasa. Fim ya sa ta a mashaya tana kaɗa fiyano tana yi wa mashaya waƙa. Ita kuwa a kanti ta yi aiki, tana ɗinkin labule da kafet. Ranar 1 ga Satumba na wannan shekarar aka ɗaura mata aure da James Joseph Brown a coci, ita tana da shekara 19. Sun haifi 'ya'ya biyu, Lawrence a 1887 da Helen a 1889. Ki duba fim ɗin daga farko har ƙarshe, ba za ki ga yaro ko ɗaya ba. Mace mai goyo ba ta dace da tsalle-tsallen da aka tsara mata ba, sai aka share yaran.

Yadda arzikin ya zo shi ne wurin da nake so ki tsaya sosai, don labarin gaskiyar ya fi na fim daɗi. A fim, mijin, wanda ake kira Johnny, ya sayar da raminsa dala 300,000, ya kawo wa amarya kuɗin, ta rasa inda za ta ɓoye sai ta cusa a murhu, shi kuma ya shigo yana jin sanyi ya hura wuta. Kuɗi suka zama toka. Ya yi dariya, ya saɓi diga ya fita, ya sara ƙasa, sai ga zinariya. Wato arziki sa'a ce, wanda Allah ya tsaga da rabonsa ko ya ƙona zai sake samu.

J.J. Brown bai mallaki ramin ba. Ma'aikaci ne da ya koyi aikin haƙa da kansa har ya zama mai kula da ayyukan kamfanin Ibex. A 1893 gwamnatin Amurka ta soke dokar Sherman wadda ta wajabta mata sayen azurfa, farashi ya faɗi warwas, ramuka suka rufe, Leadville ta cika da marasa aikin yi. Kamfanin ya juya neman zinariya a wani rami nasa mai suna Little Jonny. Matsalar ita ce akwai wani irin yashi mai zubowa da ke rufta ramin duk lokacin da aka yi ƙasa. J.J. ne ya fito da dabarar tokare yashin da dammunan busasshiyar ciyawa da katako, har aka ratsa aka kai ga zinariyar. Ladan da aka ba shi hannun jari ne 12,500 a kamfanin da kujera a hukumar gudanarwa. Daga nan dukiyar ta fito. Shekaru bakwai Margaret ta yi tana matar ma'aikaci a garin mahaƙa kafin wannan rana, tana cikin matan da ke dafa wa iyalan mahaƙa abinci lokacin da abubuwa suka tsananta.

Kin ga kenan hawan nata ba irin na fim ba ne. Ba ita ta nemo kuɗin ba, kuma ba daga sama suka faɗo ba. Basirar mijinta ce da gumin ɗaruruwan mahaƙa da ba a san sunansu ba. Abin da ya zama nata na kanta shi ne abin da ta yi bayan kuɗin sun zo, shi ne kuma fim ɗin ya tsallake gaba ɗaya.

A 1894 suka koma Denver, suka sayi gida a titin Pennsylvania. Rabin fim ɗin na biyu a kan abu ɗaya yake: manyan matan gari sun ƙi karɓarta, ita kuma ta rantse sai sun karɓe ta. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. An yi wata ƙungiyar masu hannu da shuni a Denver da ake yi wa laƙabi da Tsarkaka 36, wadda Louise Sneed Hill ke jagoranta, kuma ba su buɗe wa 'yar Ayilan 'yar Katolika mai sabon kuɗi ƙofa ba. A fim an canza wa shugabar suna zuwa Gladys McGraw. Amma Margaret ba zama ta yi tana jiran katin gayyata ba. Tana cikin waɗanda suka fara ƙungiyar mata ta Denver. Ta tara kuɗin gina babban cocin Katolika na garin. Ta haɗa hannu da alƙali Ben Lindsey wajen kafa kotun yara, ɗaya daga cikin na farko a Amurka, don a daina jefa ƙananan yara kurkuku ɗaya da manyan masu laifi. Ta koma karatu da girmanta, ta koyi Faransanci da Jamusanci. Matan Kolorado sun samu 'yancin jefa ƙuri'a tun 1893, ita kuma ta shiga fafutukar a ba sauran matan ƙasar.

Auren bai ɗore ba. Shi mutum ne mai son zaman gida da harkar ramuka, ita kuma duniya ta buɗe mata. A 1909 suka sa hannu a takardar rabuwa, yana ba ta dala 700 duk wata. Ba su yi saki ba, kuma ba su sake zama tare ba. Wannan rungumar da kika gani a ƙarshen fim, Johnny ya dawo an shirya, ba a yi ta ba. Shi ma yariman Turai da aka nuna yana neman aurenta na fim ne.

Sai Titanic. A farkon 1912 tana yawon buɗe ido, ta je har Masar tare da ayarin attajirin nan John Jacob Astor, sai saƙo ya iske ta cewa jikanta ba shi da lafiya. Ta nemi jirgi mafi kusa, ta hau a tashar Cherbourg ta Faransa ranar 10 ga Afrilu. Daren 14 ga wata jirgin ya ci karo da dutsen ƙanƙara, kafin asuba ya nutse, mutum wajen 1,500 suka halaka. An sa ta a kwalekwalen ceto mai lamba 6, wanda aka yi don mutum 65 amma ko rabi bai cika ba. Mai riƙe da akalarsa shi ne Robert Hichens, mutumin da ke kan sitiyarin Titanic lokacin da aka yi karon. Tsoro ya kama shi, ya ƙi komawa a ɗebo waɗanda ke ihu a ruwa, yana ta faɗin ba za su tsira ba. Margaret ta kama filafili, ta sa sauran mata su ma su yi tuƙi don jininsu ya motsa kada sanyi ya kashe su, kuma ta yi cacar baki da shi. A nan fim bai yi nisa da gaskiya ba, sai dai ya gajarta abin, ya mai da shi wasa.

Abin da ya fi wannan girma a wurina ya faru ne bayan jirgin Carpathia ya tsamo su. A cikin waɗanda suka tsira akwai matan ƙaramin aji, baƙi masu ƙaura, sun rasa maza, sun rasa kaya, wasu ko Turanci ba sa ji. Ta bi su tana yi musu magana da harsunan da ta koya, tana nemo musu barguna. Aka kafa kwamitin waɗanda suka tsira, ta matsa wa masu kuɗin cikinsu lamba, kafin a isa Niyok an tara kusan dala 10,000. A ƙarshen watan Mayu ita ce ta miƙa wa kyaftin Arthur Rostron kofin azurfa na godiya. 'Yar masu ƙaura ce, ta san abin da ke jiran macen da ta sauka a baƙuwar ƙasa ba miji ba ko sisi. Fim ɗin da ke taƙama da cewa labarin 'yar talakawa yake bayarwa ya bar wannan wuri, ya tafi nuna yadda matan Denver suka yafe mata.

Shekara biyu bayan haka, ranar 20 ga Afrilu, 1914, dakarun jihar Kolorado suka afka wa sansanin mahaƙan kwal masu yajin aiki a Ludlow, aka cinna wa tantuna wuta. Mata biyu da yara 11 suka mutu a wani rami da suka ɓuya a ƙarƙashin tanti. Babban kamfanin da ake rikicin da shi na iyalan Rockefeller ne. Margaret ta tara wa iyalan agaji, ta fito ta yi magana kan haƙƙin mahaƙa. Ba zan mai da ita waliyyiya ba. Dukiyarta daga rami ta fito, kuma tana son suna, tana son jarida ta buga hotonta da kayan ado. Amma a cikin matan masu ramuka ba kowace ce ta buɗe baki a lokacin ba. A wannan shekarar ta nemi kujerar majalisar dattawan Amurka, shekara shida kafin a ba dukan matan ƙasar ƙuri'a a 1920, sai dai ba ta kai neman ga ranar zaɓe ba. Ta yi aikin agaji a Faransa sanadin yaƙin duniya na farko, Faransawa suka ba ta lambar girmamawarsu ta Légion d'honneur a 1932. J.J. ya rasu a 1922 bai bar wasiyya ba, rigimar gado ta shiga tsakaninta da 'ya'yanta shekaru. Ta rasu ranar 26 ga Oktoba, 1932, a otal ɗin Barbizon da ke Niyok, tana da shekara 65, aka gano ƙari a ƙwaƙwalwarta. An binne ta kusa da mijin da suka rabu.

To daga ina Molly ta fito? Shekara guda da rasuwarta, wani ɗan jarida mai suna Gene Fowler ya fitar da littafinsa Timber Line a 1933, ya ba ta babi guda cike da tatsuniya. Daga baya Caroline Bancroft ta ƙara nata. Su ne suka shimfiɗa hoton baƙauya mai zage-zage da ta ƙona dukiya a murhu. Ita ma marigayiyar ba ta rasa laifi ba, don ta iya ƙawata labarin kanta in ta samu ɗan jarida. Masu wasan Broadway suka tarar da tatsuniyar a dafe, suka ɗora mata kiɗa. Sai a 1999 Kristen Iversen ta fitar da tarihinta bisa wasiƙu da takardun iyali, aka fara rarrabe tsaki da tsakuwa.

Ki kuma lura da shekarar. A 1964 ɗin nan ne aka fitar da My Fair Lady, shi ma labarin 'yar talakawa mai sayar da furanni da wani malami ya gyara wa harshe har ta shiga cikin manya. Finafinai biyu a shekara ɗaya, duka suna auna cin nasarar mace matalauciya da abu guda: ranar da masu kuɗi suka yarda ta zauna a teburinsu. Hollywood ta wancan zamani ba ta da wurin ajiye macen da ke tsayawa gaban jama'a tana maganar albashi da ƙuri'a.

Duk da haka ba zan ce miki kin ɓata lokacinki ba. Debbie Reynolds ta zuba ƙarfinta duka a fim ɗin, musamman a rawar He's My Friend, waƙar da Willson ya ƙara don fim ɗin kawai, bayan an zubar da yawancin waƙoƙin dandamali. Wani lokaci ihun nata yakan yi mini yawa, na kan so ta ɗan sauke murya, amma ba za ka ce ba ta yi aiki ba. An sa ta takarar lambar Oscar ta gwarzuwar 'yar wasa, ɗaya daga cikin takara shida da fim ɗin ya samu, Julie Andrews ta doke ta da Mary Poppins. Wuraren da aka ɗauka a duwatsun Kolorado, wajen kwazazzabon Gunnison, har yau suna da kyan kallo. Abin mamaki, labarin fim ɗin ya fi kama da rayuwar Debbie fiye da ta Margaret. An haife ta a El Paso ta jihar Texas a 1932, shekarar da Margaret ta rasu, a gidan da ba su da komai. Ta yi suna tana yarinya, mijinta na farko Eddie Fisher ya bar ta ya auri Elizabeth Taylor, na biyu ya cinye dukiyarta a caca, ta sake tashi. Da ta rubuta tarihinta a 2013, Unsinkable ta sa masa, wato wadda ba ta nutsewa.

Hausawa na cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma wannan kam ta ɗan yi. A 1970 gidan nan na titin Pennsylvania yana fuskantar rushewa, mutanen gari suka kafa ƙungiyar Historic Denver suka cece shi, kuma sunan da fim ya yi wa matar yana cikin abin da ya sa aka damu. Yau gidan tarihi ne, masu yi wa baƙi jagora a cikinsa kuma babban aikinsu shi ne warware abin da fim ɗin ya ƙulla. Shi kansa wasan dandamalin an sake rubuta shi, Dick Scanlan ya dawo da batun mahaƙa da 'yancin mata cikinsa, aka nuna a Niyok a 2020. In kin kalli Titanic na 1997, matar nan mai ƙiba da fara'a da Kathy Bates ta fito a matsayinta, wadda ta ara wa saurayin kwat, ita ce dai, kuma a can ma Molly ake kiranta.

Sunan har sararin samaniya ya je. Ɗan sama jannatin Amurka Gus Grissom ya taɓa rasa kumbonsa a 1961, ya nutse a teku bayan saukarsa, aka yi ta yi masa surutu. Da aka ba shi kumbon Gemini 3, wanda ya tashi a watan Maris na 1965, sai ya raɗa masa Molly Brown. Manyan NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, suka ce sunan bai dace ba, ya kawo wani. Ya ce to a sa Titanic. Suka bar masa Molly Brown.